Gezar da Ba a Yanke Ba

Ran nan ina ɗaka ina tsince wake sai na ji an buɗe almakashi a tsakar gida. Nawa ne, na san kukansa, ƙusar tsakiyarsa ta daɗe da saki. Na leƙo, sai ga jikata Nafisa tsaye gaban igiyar shanya, ta kama bakin wata darduma ta saƙi da aka wanke, tana auna inda za ta datse.

Na ce, "Ke, aje almakashin nan."

Ta ce, "Inna, gyara maki zan yi. Dubi gezar nan, wani zaren dogo wani gajere, sai ka ce gemun bunsuru. Ɗaya gefen kuwa ga shi nan a daidaice. Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni na yi shi."

Ta yi dariya ta ce, "Ashe ke ma kina ha'inci. To ai ƙulli ne kawai da yanka. Ko ni aka ba yini guda na iya."

Ban yi mata faɗa ba, don ba ita kaɗai ke faɗin haka ba. Duk yaran da ke shigowa gidan nan suna ganina zaune da zare a cinya, sun ɗauka hira nake yi da hannu. Shi ya sa na ce bari in bayyana maku sana'ar nan daga tushe, sannan in gaya maku dalilin da ya sa gezar can take yadda take.

Masaƙi shi ne mai darduma. Shi ke zama a gindin bishiya da masaƙarsa, ya miƙe zaren tsaye mai tsawo, ya riƙa jefa ƙoshiya tana ratsa shi da abawa, wato zaren nan mai kauri da mata ke kaɗawa. Abin da ke fitowa falle ne siriri, faɗinsa bai fi tafin hannu da kaɗan ba, amma dogo. In ya kai tsawon darduma sai ya tsallake wani fili ya bar zaren tsaye haka nan ba saƙa, sannan ya soma na gaba. A tsakiyar filin nan ake yankawa, kowane falle ya tashi da zare a sake tsawon taƙi guda, wato buɗin yatsun hannu, kai da gindi. Wannan taƙin shi ne gonata. Ni ke haɗa fallayen da basilla su zama shimfiɗa guda, ni ke ƙulle zaren da aka bari ya zama geza. In ba a ƙulle ba, abawa ba ta da abin da ya tare ta. Yau layi ɗaya ya zame, gobe wani ya bi shi, kafin a ankara wahalar mutum ta koma tulin zare.

A Mabai na koya, can ƙasar Ƙanƙara, wurin Gwaggo, yayar babanmu, wadda ta riƙe ni. Damina guda cur ba ta bar ni na taɓa kayan mutane ba. Wani tsumman gwado ta ba ni, in ƙulle da safe, da yamma ta sa in kwance. Na ce, "Gwaggo, to mene ne amfanin aikin?" Ta ce, "Hannun da bai san wahalar kwancewa ba, ba ya tsoron ƙulla ba daidai ba. Kwance." Kayan aikinta duka a cikin ɗan kwando suke, kuma irinsu nake da su har yau: matajin katako na taje zare, tsinken gora na tura ƙulli, basilla, alli don yatsu kada su yi santsi, ɗan dutsen niƙa na danne darduma kada ta biyo ka, da ƙwaryar ruwa. Almakashi shi kaɗai ba ya zama cikin kwandon. A ƙusa take rataye shi, can sama, inda sai mutum ya miƙe tsaye zai ɗauko. Ta ce abin da in ya yi aiki ba a iya mayarwa, bai kamata ya zauna kusa da hannu ba.

Akwai wata darduma da wani malami ya kawo mata, ya saye ta a kasuwa da gezarta, amma in ya shimfiɗa sai kunne ɗaya ya ɗaga sama kamar busasshen ganye, yana sujada tana taɓa masa kunci. Gwaggo ta shimfiɗa ta a ƙasa ta kira ni. Ta ce, "Daga ina mai aikin nan ta soma?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Daga gefe. Ta yi ta ja tana tafiya, har ta kwashe duk tsaurin ta tara shi a kunne guda." A kan dardumar nan na koyi cewa daga tsakiya ake somawa, a yi ƙulli ɗaya dama, a yi ɗaya hagu, har a fita gefe biyu tare. A kanta kuma na koyi aron zare: kowane ƙulli sai ya ari zare ɗaya daga na kusa da shi, shi ma ya ba da nasa ɗaya. In kowa ya tsaya da nasa, tsakaninsu ƙofa ce, ta nan abawa ke fita.

Da kunne nake aikin nan fiye da ido, balle yanzu da idon ya soma gajiya. In ka tura ƙulli da tsinke ya je ya zauna a jikin layin ƙarshe, akwai ɗan sautin da yake yi, ƙit, kamar an taune ƙwayar gero. In ban ji shi ba, ƙullin bai zauna ba. In kuma na matse fiye da kima, zaren kan yi ƙara siririya, nan da nan sai in sassauta. Bayan ƙulli sai tufka: a raba zaren biyu, a murza a cinya da jiƙaƙƙen hannu, a bar su su naɗe juna. Kunnuwan nan huɗu kuwa ninki ake yi masu, don su ake kamawa a kakkaɓe. Darduma mai kyan baki in aka kakkaɓe ta sau ɗaya take amsawa, fat. Wadda aka yi wa aikin gaggawa sai ka ji tana surutu.

Da aka kawo ni Faskari gidan Alhaji, maigidana, da kwandona na zo. Ban cika fita ba, ni mai son zaman gida ce tun asali, amma duniya ta riƙa shigowa ta same ni a kan tabarma. Wata Hajiya daga Sabuwa ta taɓa kawo gwaduna na kayan ɗakin ɗiyarta, ta ce geza take so mai tsawo har tana jan ƙasa, don dangin miji su san ba a yi rowar zare ba. Na ce, "Hajiya, akwai awaki a gidan da za a kai ta?" Ta ce sun fi mutanen gidan yawa. Na ce, "To dangin mijin ba za su riga su gani ba." Ta yi dariya har da riƙe ciki, muka daidaita a kan rabin taƙi. Wani dattijon Bafulatani kuma gwadonsa ya aiko, ya ce shi kam ba ya son geza ko kaɗan, ƙarangiya take kwaso masa a daji. Irin wannan kitso ake yi wa bakin, a kwance, kamar yadda ake kitsa gefen kan yarinya, a soke wutsiyar ciki da basilla. Ya fi ƙulli cin rai nesa ba kusa ba, kuma in an gama ba wanda ke ganin an yi wani abu. Daga baya tabarmar roba da kafet suka cika kasuwa, aiki ya ragu, masaƙa da yawa suka jingine masaƙarsu suka kama acaɓa. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da masu taurin kai.

Malam Iro yana cikin masu taurin kan. A wani ƙauye yake bayan 'Yankara. Na yi shekaru ina ƙulla masa geza, amma da za ku kai ni kasuwa ku ce in nuna shi, ba zan iya ba. Muryarsa na sani da saƙarsa. Saƙarsa a matse take, ba ka ganin rana ta cikinta, kuma kowace darduma in zai rufe ta sai ya sa jan layi siriri kusa da baki. Ko a masallacin wani gari aka ga jan layin nan an san hannun wane ne. Matarsa Hurera ke kawo mani kayan a kai, ta girme wa 'ya'yana amma ba ta kai ni ba, Yaya take ce mani. Mace mai baki, in ta shigo gidan nan sai kaji sun watse.

To a sana'armu akwai ƙa'ida biyu da Gwaggo ta ɗora ni a kai, kuma duk masaƙin kirki ya san su. Ta farko, mai ƙulli ba ta zare ko layi ɗaya daga saƙar masaƙi sai da izininsa, don shi ya san awon da ya yi wa mai kaya alkawari, shi ya san inda ya sa adonsa. Ta biyu, ba a daidaita geza da almakashi sai masaƙi ya duba ƙullin ya ce a yanke. Dalili a fili yake: muddin zaren na da tsawo, in an ga kuskure ana iya kwancewa a sake. In an datse, an datse ke nan.

Saboda haka in na gama sai Malam Iro ya zo da kansa. Daga ɗaka nake jin gyaran muryarsa a zaure, sau biyu yake yi, na biyun ya fi na farko kauri, sannan sallama. Alhaji ya ɗauki dardumar ya kai masa. Can sai in ji yana bin ƙullin da farcen babban yatsa, ƙarar kamar ana karta mataji. In ya kai ƙarshe ya ce, "Madalla. A yanke." Wani lokaci kuma ya ce, "Alhaji, a gaya wa mutanen gida kunnen hagu ya ɗan ɗaga." In yi ta mita ni kaɗai, in na duba kuma in tarar ya ɗaga ɗin.

Hurera kullum ƙorafinta ɗaya. Ta ce, "Yaya, kin taɓa ganin matar masaƙi tana salla bisa buhun taki? To ga ni. Wuyana ya ƙare a ɗaukar dardumar mutane, in na yi magana ya ce wadda ke kan masaƙa an riga an yi alkawarinta." Muna nan, wata rana ta shigo tana rangaji, ta ce Malam ya ce ta gaba tata ce, har ya ware abawar da ta kaɗa da hannunta. Ta ce, "Ki tanadi ƙullinki na Hajiyoyi, ni ma zan shiga sahu."

Shekarar ce ta zama muguwar shekara. Ba sai na ba ku labarin mutanen daji ba, cikinsa kuka tashi. Gonakin auduga na nesa aka daina zuwa, mata suka rasa abin kaɗi, kasuwa ta ci yau gobe ta ƙi. Kwandona ya yi ta zama a rufe har gizo-gizo ya yi saƙa a kan matajin. Mutanen ƙauyuka suka riƙa shigowa gari da abin da hannu ya iya ɗauka, kowane kango ya cika.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, sai ga Hurera da hantsi, ita da 'ya'yanta. A sallamarta na san ba lafiya, don ban taɓa jin ta yi sallama a hankali ba. Ba ta da komai sai ƙunshi guda a kai. Na ba su ruwa, na ɗora tukunya. Sai da yaran suka ci suka kwanta ta yi magana. Ta ce da rana tsaka mutanen daji suka shigo ƙauyensu bisa babura. Ita da yara suka faɗa cikin dawa. Malam yana gindin bishiya, ƙafafunsa cikin masaƙa, kafin ya zare su an iso kansa. Aka tasa su gaba, shi da wasu mazan garin. Da ƙura ta lafa ta fito, mutane na ta hawa wata mota da za ta kawo su gari, direba na cewa ba zai jira kowa ba. Ta bi ta gindin bishiyar, ta ga saƙar na nan yadda ya bar ta, ƙoshiya a ƙasa. Ta koma ta ɗauko wuƙar girki ta yanko ta.

Ta kwance ƙunshin. Dardumarta ce, fallayen duka sun cika, fari tas, abawar da ta kaɗa. Kowane falle da jan layinsa da taƙinsa na zare. Sai na ƙarshe, wanda ke kan masaƙa: ya riga ya sa jan layin, ya ƙara 'yan layuka na fari a kansa, saura kawai ya tsallake fili. A nan ta yanke, daidai jikin saƙar. Ko abin da farce zai kama ba ta bari ba.

Na dube ta. Ta ce, "Na sani, Yaya. Shekara nawa ina kawo maki kaya. Ni na sani, hannuna ne bai sani ba."

Na gaya mata gaskiyar yadda aikin yake. Magani ɗaya ne: a warware taƙi guda daga fallen nan don a samu zaren ƙulli. In an yi haka ya fi 'yan'uwansa gajarta, dole su ma a warware su su daidaita. Jan layin kuwa yana cikin taƙin, duk zai tafi. Ta ce, "Ai ba a warware mashi saƙa sai ya ce." Na ce haka ne. Ta ce, "To a jira shi."

Na yi abin da ƙa'ida ta yarda da shi. Na haɗa fallayen, na ƙulle gefen da ke da lafiya, shi ma ban yanke ba a lokacin. Gefen da ke da ciwo na samu ƙyalle na ninka a bakin fallen nan na ɗinke, na ce mata wannan riƙo ne kawai, ba ya ɗaukar wahala, ta naɗe ta ajiye. Na ba ta tabarma da gwado don yara, suka samu ɗaki a wani kango kusa da mu. Amma dardumar ba ta ajiye ta ba. A kanta take salla, biyar ɗin nan duka, in ta idar ta daɗe zaune. Abawa kuwa mai kauri ce, ba ta zama ƙarƙashin ƙyalle. Bayan ɗan lokaci sai ta dawo da ita ɗinkin ya saki, in sake. Duk zuwan da za ta yi, farin da ke saman jan layin ya ragu.

Aka yi kaka. Wasu daga cikin mazan da aka tafi da su suka dawo, ƙafafu a kumbure. Hurera ta je ta samu ɗaya a gidan da ya sauka. Ya ce mata tun a hanya aka raba su gida biyu, bai sake ganin Malam Iro ba, bai kuma ji an ce ga abin da ya same shi ba. Wayar da ake yi wa dangin wasu, ita ba a taɓa yi mata ba.

Ƙanen Malam Iro ya zo gaishe su, ya tarar da ita a nan gidan, dardumar na cinyata ina sake ɗinkin. Daga bakin ƙofa ya tsaya, Alhaji ya yi masa bayani. Ƙanen nan ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya ce, "To a warware mana. Ni na ba da izini. Wanda ake jiran ya ce ɗin ai..." Bai ƙarasa ba. Hurera ta miƙe, ta zare dardumar daga cinyata da allurar a jiki, ta naɗe ta fita. Sai da aka kwana biyu ta dawo mani da allurata.

Alhaji ya ce, "Wai ke ba za ki yi aikin nan ki huta ba? In kin gama ta gani ai ba za ta ce a mayar ba." Na ce, "Shi ya sa ba zan yi ba." Har liman ya je ya tambaya. Liman ya ce wannan ba maganar shari'a ba ce, al'adar masu sana'a ce, matar na iya ba da izini ba laifi. Na gaya wa Hurera. Ta ce, "Na ji, Allah ya saka wa Malam liman. Amma Yaya, wa ake ba da izini a madadinsa? Mai rai?" Ban sake tayar da maganar ba.

Ana gab da azumi ta kawo ta, na ɗaga ƙyallen, na ga farin ya ƙare. Jan layin kansa ya soma zamewa, kuma guntayen zaren tsayen da suka bayyana sun goge sun yi laushi, ina taɓa ɗaya ya tsinke a hannuna. Na ce, "Hure, zauna in gaya maki. Ɗinki ya daina riƙewa. Zaren tsayen ya soma ruɓewa daga baki yana cin ciki. In aka yi yanzu, taƙi guda za a rasa. In aka bari har azumi ya wuce, ban san inda zan samu zare mai ƙarfin ɗaukar ƙulli ba. Ko dai ki naɗe ta ki daina hawa, ko a yi aikin. Ni ba zan ce maki ga wanda za ki zaɓa ba."

Ta ce, "In daina hawa in koma buhun taki?"

Na ce, "Ga darduma nan ta Alhaji, ta Makka, ya ce a ba ki."

Ta ce, "Ta Alhaji ce."

Ta zauna ta shimfiɗa ta a gabanta, ta daɗe tana bin jan layin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ni dai na ci gaba da abin da nake yi. Can sai na ji an taɓa kwandona. Tsinken gora ta ɗauko. Ta soka shi ƙarƙashin jar abawar, ta ɗago ta a hankali, ta ja. Sannan ta miƙo mani tsinken.

Ta ce, "Ƙarasa, Yaya. In ya dawo ya yi faɗa, ki ce ni ce. Dama ya saba yi mani."

Tare muka yi. Ni ina zarewa, ita tana naɗe abawar a jikin kara, fari daban, ja daban. Na ce ko in murɗa jan cikin gezar kunnuwa, a riƙa ganinsa. Ta ce a'a, abawarsa ce, ba ya son a taɓa masa kaya, zai nema. Da muka kai inda zaren ke da ƙarfi na danne da dutse, na taje, na shafa alli, na soma daga tsakiya. Zaren bai zo daidai ba, na fallen da aka yanke gajere ne, na sauran ya yi ninkinsa. Ban taɓa sauraron ƙulli kamar na ranar ba. Kowane ɗaya sai da na ji ya zauna kafin in wuce. Da na fita kunnuwa biyu ta ɗauka ta kakkaɓe a tsakar gida. Sau ɗaya ta amsa.

Na miƙe na ɗauko almakashi daga ƙusa. Gefen farko, wanda ya bar wa taƙinsa da hannunsa, ta ce in daidaita, wannan ai ya gama da shi. Na daidaita. Na juyo ɗaya gefen, sai ta ɗora hannu a kai.

Ta ce, "Wannan bai gani ba tukuna. An canza mashi awo, an cire mashi layi. A bar mashi ya duba."

Na mayar da almakashin ƙusa.

Shekaru sun shige tun daga ranar. Hurera tana nan Faskari, tana tuyar ƙosai a bakin kangon nan da yanzu an yi masa ƙofa, 'ya'yanta sun tasa. Bakinta ya dawo, ko da yake ba duka ba. Nan take kawo dardumar wanki saboda rijiyarmu, don ta ce ruwan sayarwa yana sa fari ya dushe. Dogayen zaren nan kuwa ba ƙaramar wahala suke ba ta ba, su kama tsinke, su kama ƙasa, kullum cikin taje su take.

Duk wannan na gaya wa Nafisa a ranar, tana tsaye da almakashi a hannu. Ta je ta rataye shi a ƙusa, sai da ta yi ɗage, sannan ta dawo ta zauna ta ce in ba ta wani tsumma ta gwada. Na ba ta. Da yamma na sa ta kwance.

Bayan la'asar Hurera ta zo ɗaukar dardumarta. Muna cikin hira tana ba ni labarin tsadar wake, sai wani ya yi gyaran murya a zaure. Ni da ita duk muka kasa kunne. Na jira na biyun, bai zo ba. Mai itace ne, yana tambayar ko Alhaji na ciki.

Hurera ta sauke dardumar daga igiya, ta naɗe, ta tura dogayen zaren ciki kada su ja ƙasa, ta ɗora a kai. Ta ce, "Sai wani wankin, Yaya."